Ranar Da Alƙali Ya Shiga Motar Injiniya

Duk wadda ta rubuto min tana tambaya ko har yanzu ina ɓoye wa Injiniya sirrina, ta gyara zama, yau za ta sha labari. Wanda kuma yau ya fara karanta ni, sannu da zuwa. Ni ce Auta, ina aiki a shagon tabarau, ina zaune da Mamata, kuma ina kiwon ƙadangare. E, ƙadangare. Ku gama yatsina fuskar, ina jiranku.

Ba irin na jikin katanga ba ne. Nawa mai faɗin kai ne, launin ƙasa-ƙasa, da 'yan ƙayoyi a ƙarƙashin haɓa kamar gemu, tsawonsa ya ɗan wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu. Marigayi Baba ne ya sayo shi lokacin da ya ajiye aiki, ya sa masa suna Alƙali, saboda duk abin da Baba ya faɗa sai ya gyaɗa kai kamar ya gama sauraron shaidu. Da Baba ya rasu, yayyena suka raba agogo da littattafai da sandarsa. Ni na ɗauki Alƙali, kuma babu wanda ya yi min gardama.

Mama ba ta taɓa sonsa ba, amma tana kawar da kai, har sai da Injiniya ya fara zuwa gidanmu. A shago muka haɗu. Ya kawo gilashinsa gyara, na gyara, ya yi ta dawowa da gilashin da babu abin da ya same shi. Mutum ne mai tsafta har ta yi yawa. Hankicinsa ma a goge yake, kuma kafin ya tuƙa mota sai ya share sitiyari. Mama na ganinsa ta ce shi ke nan, addu'arta ta karɓu.

"Auta, namiji mai hankali ya zo," in ji ta. "Ba zan zuba ido ki kore shi da wannan abin ba. A ɓoye shi, kafin magana ta yi nisa kuma a san inda za a kai shi."

Haka aka ɗauke akwatin gilashin Alƙali daga bakin tagar ɗakina, inda rana ke samunsa, aka kai shi sito bayan kicin, tsakanin tsohuwar fanka da buhun gawayi. Fitilar da ke ɗumama shi sai na jawo mata waya tun daga kicin, ita kuwa Mama duk sanda ta yi tuntuɓe da wayar sai ta zare. Ina dawowa daga aiki in mayar, in na fita a sake zarewa. Maganar a kai shi wani wuri kuwa ban ce e ba, ban ce a'a ba, amma a raina na san babu inda zai je.

To, ranar da zan ba ku labarinta ita ce ranar da Injiniya zai zo ya ɗauke ni in je in gaida Ummansa karon farko. Gwaggo, yayar Baba, ita za ta raka ni. Tun da sassafe ta iso da lemarta, don kwana aka yi ana ruwa, garin ya yi sanyi har cikin ƙashi.

Ku tsaya ku ji shiga. Doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu, mayafi mara nauyi da ya fi ta duhu kaɗan, takalmi mai ɗan tsini, jaka kalar takalmin. Hoda ta zauna, kwalli ya fito, jan baki ba mai ihu ba. Mama da kanta ta fesa min turarenta na ɓoyo, wanda ko mu 'ya'yanta ba mu san inda take ajiye shi ba. Na kalli madubi na ce, Auta, yau kam ko maƙiyi ya gan ki sai ya yi shiru.

Sai na ce bari in leƙa sito in yi wa Alƙali sallama.

Yana kwance a kusurwa, launinsa ya yi duhu, idanu a rufe, baki a buɗe yana jan numfashi da ƙyar. Wani ɗan kumfa na fitowa daga hancinsa. Dama kwanakin nan ya rage cin abinci, na ɗauka fushin sito ne. Na sa hannu na ɗago shi, jikinsa sanyi ƙalau kamar cokalin da ya kwana a waje. Na kira sunansa. Ko motsa kai bai yi ba.

Ban yi kuka ba, 'yan uwa, lokacin kuka bai yi ba. Likitar dabbobin da ta saba duba shi tun zamanin Baba na kira.

"Ki kawo shi yanzu," ta ce. "Da rana zan fita duba shanu a wajen gari, ba zan dawo yau ba. Kuma ki ji ni da kyau, hanya ita ce abin tsoro. Kada sanyi ya ƙara taɓa shi, kada kuma ki gasa shi. Ɗumi, duhu, ba jijjiga."

Ina ajiye waya na ga Mama tsaye a ƙofar sito, hannu a ƙugu.

"Ba dai yau ba."

"Yau, Mama."

"Matar nan ta shirya tana jiranki, ke kuma za ki tafi yawon asibiti da ƙadangare? Ki bari gobe mana!"

"Ba zai kai gobe ba."

"To ki ce wa yaron ciwon kai ya kama ki. Ki ɗau tasi ki je ki dawo, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

Wallahi dabarar ta yi, kuma da wata ranar ce da na bi ta. Amma ina tsaye da dabbar Babana a tafin hannu tana neman numfashi, kuma ɓoyon nan ne ya kai ta ga haka. Sai na ji na gaji. Mutumin da yake cewa zai zauna da ni har tsufa, in ƙadangare ɗaya zai kore shi, gara ya kore shi yau ina cikin kwalliyata.

Na ɗauki waya na rubuta masa: "Ina kwana. Kafin ka taso akwai abin da ya kamata ka sani."

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Ina ji."

"Ina kiwon ƙadangare. Na Babana ne. Ba shi da lafiya, dole in kai shi asibitin dabbobi yanzu. In za ka kai mu, to. In ba za ka iya ba zan nemi tasi, sai ka ba Umma haƙuri."

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya sake dainawa. Mama na leƙe ta kafaɗata tana salati ƙasa-ƙasa.

"Ƙadangare mai rai?"

"In muka yi sauri."

"A buɗe zai zauna a motar?"

"A akwati, a rufe."

"A rufe sosai?"

"Sosai."

"Ga ni nan."

Da ina da natsuwa a lokacin, da wannan "sosai" ɗin ta gaya min wani abu. Amma hankalina na kan shiri.

Na juye robar da Mama ke ajiye zannuwan gado, mai murfi mai kamawa. Na ɗora ƙusa a wuta na huda murfin wuri-wuri don iska. Na shimfiɗa tsohon tawul a ƙasa, na naɗe wani na zagaye gefe da shi don kada ya riƙa zamewa yana buguwa in mota ta juya. Na cika gorar roba da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, wanda zan iya riƙewa a kumatuna, na zura ta cikin safar Baba mai kauri, na cusa ta gefe guda yadda ba za ta gangara ta danne shi ba, in kuma ɗumin ya ishe shi yana da wurin matsawa. Ba ruwan sha, ba abinci, don a mota zubewa za su yi su jiƙa shi. Na kwantar da shi, na rufe, na ɗaure murfin da igiyar labule, na lulluɓe duka da baƙin zane. Duk wannan da dogayen hannayen rigata a naɗe, Gwaggo na zaune a kan kujera tana kallona kamar talabijin.

Hon ɗin Injiniya ya yi ƙara a waje. Mama ta ƙi fitowa.

Yana tsaye jikin mota cikin farar riga mai dogon hannu, guga kamar za ta yanke yatsa. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya dube ni ya yi murmushi, amma akwatin da na rungumo ko kallonsa bai yi ba. Ya zagaya bayan motar da sauri ya buɗe but, wurin kaya.

"Ga fili nan, an share."

"Ba zai shiga but ba. A kujera zai zauna, kusa da ni."

Ya rufe but ɗin. "To."

Ina buɗe ƙofar baya wani sanyi ya doke ni a fuska.

"Ka kashe esin nan."

"Saboda kwalliyarki na kunna tun daga gida, kada ta..."

"Kwalliya ta narke. Akwai hita?"

Ya kalli maɓallan motarsa kamar yau ya fara ganinsu. "Tun da na sayi motar nan ban taɓa kunna ta ba."

"Yau za ta san an saye ta."

Hita ta tashi da warin ƙura. Ya karkatar da iskar zuwa ƙasa, wajen ƙafafu, don kada ta bugi Gwaggo a fuska. Sai da motar ta yi ɗumi sannan na shiga da Alƙali. Na ajiye akwatin a tsakiyar kujerar baya, na ja bel na zagaye shi na ɗaure, ni a dama, Gwaggo a hagu bayan direba. Sannan na karanta wa Injiniya dokoki: ba gudu, ba taka birki da ƙarfi, ba faɗawa rami, ba rediyo, ba sauke gilashi.

"An gama, ranki ya daɗe."

"Yau na ga ikon Allah," in ji Gwaggo. "Ƙadangare da bel, ni 'yar Adam ko oho."

"Ke ma ki ɗaura, Gwaggo."

Muka kama hanya kamar masu ɗauke da ƙwai. Masu babur na wuce mu suna waiwaye, wata motar kaya ta bi mu da hon har ta gaji ta zagaye. Injiniya bai kula kowa ba, hannu biyu a sitiyari, duk rami sai ya lallaɓa ya kauce. Kafin mu fita unguwa gumi ya fara tsattsafo masa a ƙeya. Ni kuwa ina jin hodata tana sauka a hankali tana neman wuyan riga.

Gwaggo ta cire mayafi tana fifita da shi.

"Ke Auta, wannan wace irin jinya ce? Mu dai tun tasowarmu, in mutum ya kwanta taga ake buɗe masa ya sha iska. Ke kin kulle bawan Allah a roba, kin rufe da zane, kin kuma kunna masa wuta."

"Gwaggo, shi jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa irin namu, sai an ba shi. Kuma ga huji nan a murfi."

"Waɗannan 'yan hujin? Ko sauro sai ya rage ciki zai wuce."

"Ki bar shi dai, don Allah."

Ta yi ƙwafa ta juya kai. Daidai nan wayata ta fara rawa a jaka. Mama ce.

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba, yana tuƙi."

"Shirun nan shi ne abin tsoro. Kin zubar min da mutunci."

"Mama, asibiti kawai za mu."

"In uwarsa ta ji fa? Wa zai kai mai ƙadangare gidansa?"

Kun san ni da amsa. Na juya wajen taga na duƙufa, ina rubutawa ina gogewa, ina neman kalmar da za ta faɗi gaskiya ba tare da ta zama rashin kunya ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Abin da na sani, surutun Gwaggo ya ɗauke, har ta fara ɗan minshari, ɗumi ya kwashe ta.

"Auta."

Na ɗago. Injiniya bai taɓa kiran sunana haka tsirara ba, kullum sai da ranki ya daɗe. Muryar kuma ba tasa ba ce, siririya ce, kamar an matse.

"Akwatin nan a rufe yake?"

Na yaye zanen. Igiya a kwance, murfi a ɗage ta ɓangaren Gwaggo, an tokare shi da murfin kwalbar man zafinta. Tawul na nan, gora na nan. Alƙali ba ya nan.

Ashe ɗumi ya yi aikinsa. Jikinsa ya ɗan saki, ya samu ƙarfin rarrafe, ya sulale ta ƙarƙashin kujerar direba yana bin inda iskar hita ke fitowa. Kuma babu inda ya fi ɗumi a motar nan kamar wajen ƙafafun Injiniya.

"Yana ina?"

"Ƙarƙashin birki." Ya ja numfashi. "Jelarsa na kan takalmina."

Na leƙa gaba. Titin ya ɗan gangara, a ƙasa danja ta nuna ja, motoci sun tsaya, ta ƙarshensu wata farar bas cike da mutane. Ba gudu muke ba, amma tafiya muke, kuma bas ɗin na matsowa.

Zan gaya muku gaskiya, a wannan lokacin zuciyata ta tsage biyu, amma bakina bai yi jinkiri ba.

"Taka! Taka birkin, rayukan mutane ne!"

"Akwai wuri," ya ce.

"Injiniya, na yafe, taka!"

"Akwai wuri, ki bari."

Ya riga ya ɗage ƙafa daga totur. Ya kunna sigina, ya kama birkin hannu yana ja kaɗan-kaɗan, yana saki yana ja, yana karkata sitiyari zuwa gefen titi inda babu kowa sai kwata da wani teburin mai sayar da lemo wanda ruwan sama ya kora. Motar ta yi ƙugi, ta ɗan jijjiga mu, ta hau tsakuwa, ta tsaya cak. Tsakaninmu da teburin bai fi a miƙa hannu ba. Bas ɗin kuwa tana can gabanmu a kan titi, mutanen ciki ba su ma san an yi ba.

Gwaggo ta farka. "Mun iso?"

Na fito cikin yayyafi, na zagaya, na buɗe ƙofar direba, na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa da rigata ruwan zuma. Ga Alƙali nan ya miƙe a ƙarƙashin birki, ido ɗaya a buɗe, yana shan ɗumi abinsa. Ƙafar Injiniya kuwa tana nan inda take, ba ta motsa ba ko kaɗan. Na zura hannu ta ƙarƙashin cikinsa na tallafo shi da ƙafafunsa duka, na manna shi a ƙirjina na rufe da mayafi.

Sai a lokacin Injiniya ya fito. Ya tafi bayan mota ya dafa but da hannu biyu, kai a sunkuye, ruwa na sauka a kan farar rigarsa. Na mayar da Alƙali, na ɗaure igiyar da ƙulli biyu, sannan na same shi.

"Tsoron ƙadangaru kake ji," na ce.

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Tun ina ƙarami. Wani ya faɗo min cikin riga daga rufin aji. Har yau in na ga ɗaya a bakin ƙofa, sai in zagaya ta baya."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kin ce na Babanki ne."

"Da ka taka ai ba zan riƙe ka ba."

"Na sani. Da babu wuri da na taka." Ya goge fuska da hankicin nan mai guga. "Amma akwai. Ke kika ce a tafi a hankali."

Jama'a, ni ba mai saurin narkewa ba ce, kun san ni. Amma a bakin kwatar nan, da gwiwoyina duk taɓo, na ji son mutumin nan ya sauko min gaba ɗaya, kuma ban yi ƙoƙarin hana shi ba.

A cikin mota Gwaggo ta haɗa hannu a cinya kamar ɗalibar da aka kama.

"Na ga kamar zai shaƙe ne," ta ce. "Ɗan kaɗan na ɗaga. Dabbar ƙanena ce, Auta, ina ji ina gani ba zan bari ta mutu a roba ba."

Idanunta sun kawo ruwa. Faɗan da na shirya sai ya bi iska. Na ce ba komai, amma na ɗora hannuna a kan murfin, ban ɗauke ba har muka isa.

Likita ta karɓe mu da sauri. Ta ɗora shi a sikeli, ta buɗe bakinsa ta haska, ta kasa kunne a jikinsa.

"Sanyi ne ya kama masa ƙirji. A ina yake kwana?"

"A sito!" in ji Gwaggo, da ƙarfinta, ta samu wadda ta fi ta laifi. "Uwarta ce ta kai shi sito!"

Likita ta yi min wani kallo ta saman gilashi, wanda da faɗa ta yi da ya fi min sauƙi. Ta yi masa allura, ta ɗura masa ruwa da sirinji. Ta ce zai tashi in aka mayar da shi wurin rana da fitilarsa, kuma sai an riƙa dawo da shi ana ƙara allurar. Da na ba ta labarin hanya, ta ɗauko tsohuwar rigar filo ta zura shi ciki, ta ɗaure bakin, sannan ta mayar da shi robar.

"Daga yau haka za ki riƙa yi. Yana numfashi ta cikin yadin, kuma ko an ɗaga murfi ba inda za shi. Gorar ta huce, ga ruwan ɗumi can ki sake. Abu na ƙarshe, kada ki bar shi a mota a ajiye, ko na ɗan lokaci. Yanzu sanyi, in rana ta fito kuma motar ta zama tanda."

Muka fito muka tarar da Injiniya a tsaye nesa da ƙofar asibitin, waya a kunne, yana cewa, "E, Umma. Muna hanya, Umma. Zan yi miki bayani." Gidanmu na wancan ƙarshen gari, gidansu na nan kusa, kuma mun riga mun makara makarar da ba ta da kyau. Ya dube ni.

"Mu je?"

Na kalli kaina a gilashin mota. Kwalli ya gangaro, hoda ta yi taswira, gwiwar riga ta yi baƙi. Na goge abin da zai gogu.

"Mu je."

A ƙofar gidansu Gwaggo ta riƙo hannuna. "Ki bar shi a mota, 'yar nan. Gaisuwa ce kawai, yanzu za mu fito."

"Likita ta hana."

"To ni in zauna da shi."

"Ke da kika ɗaga murfi, Gwaggo?"

Na kwance bel na rungumi akwatina. Na riga na yanke shawara tun a sito, ba zan sake ɓoye shi ba, ko a gaban wa. In Umma ta ce ba ta son mai ƙadangare, zan gaishe ta da ladabi in koma gida. Na taka zuwa ƙofa, kaina a sama.

Sai na ji an kama akwatin ta ɗaya gefen.

"Kawo," in ji Injiniya.

"Ka tabbata?"

"A'a. Kawo dai."

Umma da kanta ta buɗe. 'Yar ƙaramar mace ce, fes da ita, da gilashi mai sarƙa wanda ya ɗan karkace hagu, har na ce a raina in an bar ni na sake shigowa gidan nan sai na gyara shi. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta amsa, ta dubi fuskata, ta dubi gwiwar rigata, sannan ta dubi ɗanta da ya riƙe roba nesa da ƙirjinsa.

"Mene ne wannan?"

"Ƙadangare ne, Umma."

"Me?"

"Na Auta ne. Na mahaifinta ne, Allah ya jiƙansa. Daga asibiti muke." Ya gyara riƙon robar. "Kuma in Allah ya yi, da shi za ta zo."

Fankar sama na ta juyawa a falon. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ni kuwa na tsaya ina kallon Umma, ita ma ni take kallo, kallon da ban iya karanta shi ba.

"Wannan yaron," ta ce a hankali, "har ya girma ni nake fita da tsintsiya in kore masa su daga bakin ƙofa kafin ya fita." Ta sake duban hannuwansa. "Kai ka ɗauko shi daga mota?"

"Ni ne, Umma."

"Me ke damunsa?" Wannan ni ta tambaya.

"Sanyi ne ya kama shi, Umma."

Ta ɗaga kai ta kalli fanka. Sannan ta taka da kanta zuwa jikin bango ta kashe ta, ta ja tagar da ke buɗe ta rufe, ta kwashe matasan da ke kan kujerar da rana ta fara leƙowa.

"Ajiye shi nan kafin ka yar da shi. Ke kuma 'yata, shiga ki wanke fuska ki zo ki ba ni labarin yadda aka yi."

Da na fito an kawo shayi. Injiniya na can ƙarshen falo, a kujerar da ta fi kowace nisa da robar. Gwaggo ta riga ta fara ba da labarin hanya, kuma a nata labarin murfin da kansa ya ɗage. Wayata ta yi rawa. Mama.

"Kun isa? Kin dai bar abin nan a mota ko?"

Na ɗaga waya na ɗauki hoto: robar zannuwan gadonta a kan kujerar Umma, Umma zaune a gefe ta ɗora hannu a kan murfin tana leƙen huji. Na tura mata ba tare da na rubuta ko kalma ɗaya ba.

Ta gani. Ta fara rubutu, ta daina. Ta sake farawa.

Na kife wayar a cinyata, na karɓi kofin shayi daga hannun Umma.